Zaren da Ba Ya Ƙulluwa

Tun da watan nan ya kama rana ke dukan Kaduna kamar da gayya. Jiya da azahar na fito daga ɗan ofishinmu na unguwar Romi, iska ta bugo mini fuska kamar an buɗe murfin tukunyar tuwo. Ina tsaye ina jiran abin hawa sai na ji tsaki a bayana. Wani mai keke mai ƙafa uku na haya ne ya jingina a inuwar mangwaro yana wasa a waya, talla ta katse masa wasan yana tsakiyar yi. Tsakin nan da zafin nan suka haɗu suka mayar da ni shekarar da azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, shekarar da ni da Rifkatu muka ƙirƙiri wasanmu na farko, aka kuma yi mana abin da har yau ban manta ba.

Sunana Bilkisu, a unguwar Makera aka haife ni. Mahaifina Malam Shu'aibu, Allah ya ji ƙansa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Mahaifin Rifkatu, marigayi Baba Ayuba, mutumin Kagoro ne mazaunin unguwar Television, kuma layi ɗaya suka yi aiki da Babanmu har ranar da aka garƙame ƙofar masaƙar. Zumuncinsu muka gada. Ita ta karanci kwamfuta, ni na karanci zane, muka gama muka zauna shekara biyu muna yawo da takardu a cikin ambulan har gefensa ya yi laushi. Ranar nan Rifkatu ta ce, "Bilki, kowa a Kakuri yana da waya, kowa yana wasa a ciki, amma duk wasannin na wasu ƙasashe ne. Mu yi namu mana." Na ce na me? Ta nuna mini doguwar katangar masaƙa da ciyawa ta fito a kanta.

Yayar Rifkatu tana da shagon ɗinki a Kakuri, ta ba mu ɗan ɗakin da ke bayansa inda take tara ƙyallaye. Rufin kwano ne, ba silin, taga ɗaya ƙanƙanuwa da ke kallon kwata. Nan ne kamfaninmu.

Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar nan ba. Rijiyar gidanmu ta ƙafe har guga na dawowa da laka. Wuta kuwa sai ta yi kwana huɗu ba a kawo ba, in an kawo ma kafin ka jona abu an ɗauke. Masu tura ruwa a kura suka zama manyan mutane, ka kira su su wuce ka kamar ba su ji ba. Kogin Kaduna ya janye, duwatsun cikinsa suka fito tsirara, in ka bi ta kan gada sai ka ga mata na wanki a ɗan abin da ya rage. Kullum da yamma hadari zai taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, kowa ya fito da baho da bokiti, sai iska ta kwashe shi ta kai wa wasu.

Ranakun duk iri ɗaya suke tafiya. Bayan asuba ni da ƙannena mu bi layin famfon burtsatse da jarkoki. Ƙarfe bakwai na kama hanyar Kakuri da ƙafa tun rana ba ta buɗe ido ba. Rifkatu ta riga ta karɓo laftop ɗinmu daga wurin mai cajin waya, inda take kwana a jone da janareto. Laftop ɗaya ce, tsohuwa, batirinta ba ya wuce awa biyu. Sai mu ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, wadda ba ta aiki a kai ta riƙe mafici tana yi mata firfita. Wallahi na'urar nan ta fi mu shan iska. In batir ya mutu, Rifkatu ta koma rubuta umarnin wasan da biro a littafi, ni kuma in koma zane a takarda, gumi na ɗiga daga haɓata yana ɓata tawada. Zuwa azahar harshena ya manne da dasashi, kwanon rufi na ƙara ƙas-ƙas a kanmu. Rifkatu ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba a watan nan. Sai ta ce za ta duba yayarta, ta fita, ta dawo tana goge baki a ɓoye. Na ce mata ba komai, ta sha. Ta ce, "Ke dai yi zanenki." Da la'asar in koma gida in taya Inna markaɗen ƙosai da damun kunun tsamiya, ƙanina ya tafi farautar ƙanƙara, wani lokacin ya dawo da ledar ruwa mai ɗumi ya ce ita ce ta rage.

Yanzu muna da faranti biyu na sola a saman ofis da fanka da ke juyawa yini guda. Masu koyon aiki a wurinmu in na ba su labarin mafici dariya suke yi.

Wasan mai sauƙi ne. Mun sa masa suna Masaƙi. Inji na saƙa yadi, zare na tsinkewa, kai kuma ka taɓa shi da yatsa ka ƙulla kafin yadin ya lalace. Da muka gama na farko, ranar azumi na biyar, muka kai wa Baba. Yana zaune a dakalin ƙofar gida bayan la'asar yana jan carbi. Rifkatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa waya. Ya sa tabarau, ya danna, ya danna, ya kai minti biyu, sannan ya miƙo mata.

"Rifkatu 'yar Ayuba," ya ce, "wannan ai ba saƙa ba ce. Kisan sauro ne."

Ni na ji kunya, ita kuwa ta gyara zama. "To Baba, ina muka kuskure?"

"Zare ba ya tsinkewa haka kawai. Kunne ke fara sani kafin ido. Inji in yana lafiya ga yadda yake cewa." Ya haɗa haƙora ya fara: caka-cak, caka-cak, caka-cak, yana buga gwiwa da tafin hannu. "In zare ya fara gajiya kuwa sai ka ji ya canja: caka-cak, caka-tsss. To a nan masaƙi ke miƙa hannu. Ubanki yana iya juya wa inji huɗu baya yana hira, amma ya san wanne ne zai tsinke. Daɗin aikin ke nan, ka riga shi. Naku kuwa ba ya gargaɗi, sai dai ya mare ka."

Washegari muka shigar da shi ɗaka muka rufe ƙofa da taga don hayaniya, dattijo da azumi a bakinsa, yana zufa yana yi mana kukan inji a cikin waya. Inna na tsakar gida tana dariya har da riƙe ciki. Muka ɗauki muryarsa yana cewa "Madalla, masaƙi!" don wanda ya ci, da kuma "Ba komai, a sake gwadawa" don wanda yadinsa ya lalace. Ya ce lallai a sa ta biyun, don shi wanda ya koya masa aiki bai taɓa yi masa tsawa ba.

Daga ranar wasan ya samu rai. Muka fara fita da shi tashar keke ta Kakuri da tsakar rana, lokacin da fasinja suka yi ƙaranci, direbobi na kwance a kujerun baya. Rifkatu ta kafa mana doka: ki miƙa waya, ki yi shiru, ki kalli fuska. Wanda ya dawo miki da ita da ladabi ya ce "Ya yi kyau, Allah ya taimaka," to mun faɗi. Wanda sai kin ƙwace daga hannunsa, shi muke nema. Kwanakin farko addu'a muka yi ta sha.

Wani direba mai suna Malam Tanimu, mai furfura a gemu, shi ya fara gaya mana gaskiya. "Hajiya, wasanku ya cika tsawo. Ni kekena minti biyu ya cika. In tashi in bar yadi a rabi? Ai haushi zan ji." Muka yanke kowane zagaye ya dawo gajere. Wani kuma gilashin wayarsa ya tsattsage, ba ya ganin siririn zare, na ƙara wa zaren kauri. Wata mai sayar da atamfa a kasuwa, Maman Joy, ta gama zagaye ta dube ni. "To na gama. Ina yadin? Na sha wahala haka ba zan ga abin da na saƙa ba?" Kwana uku na yi ina zana zanen atamfa iri-iri, ya zama duk wanda ya gama sai yadinsa ya warware a fuskar waya da sabon zane. Muka kuma jera wahalar daki-daki: inji ɗaya tukuna, sai biyu, sai uku, sai huɗu, kamar yadda aka ƙara wa su Baba. Abin da muka riƙe ɗaya ne: in mutum ya faɗi, ya san laifin hannunsa ne, ya kuma ji a ransa cewa in ya sake zai iya.

Ranar da Malam Tanimu ya bar wani ya ɗauki layinsa saboda yana kan inji na uku, ni da Rifkatu muka koma bayan wata rumfa muka rungume juna.

Yin wasa daban, sanar da mutane daban. Mun ɗora shi a shagon manhajoji na intanet muka zauna jira. Waɗanda suka sauke ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma na san sunan kowannensu. Wa zai ƙona datarsa a kan abin da bai taɓa ji ba? Sai muka koma wa masu tura finafinai da waƙoƙi a waya, waɗanda ke zaune da kwamfuta a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Kakuri zuwa garejin Television, muna roƙon duk wanda ya zo turi a ƙara masa Masaƙi kyauta. Wasan ƙarami ne, ba ya cin wuri, ba ya buƙatar data. Kafin azumi ya raba, in ka ratsa tasha sai ka ji caka-cak na tashi daga keke uku huɗu, da muryar Babana tana yi wa wani ƙato madalla. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka fara zuwa ƙofar gidanmu da yamma, a zauna ana gardamar wa ya fi wa hannu a zamaninsu. Baba, wanda tun rufe masaƙa maganarsa ta ragu, ya dawo yana dariya har ana jin sa daga lungu. Shi ne na farko da ya gama inji huɗu ba tare da zare ɗaya ya kuɓuce masa ba.

A nan Faruk ya shigo. Ya girme mu da aji uku a makaranta, ya tafi Abuja ya dawo ana ce masa Injiniya, ya buɗe ofishin tallata manhajoji a Barnawa. Ya zo har ɗakinmu cikin farar shadda, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda zafi, yana fifita da makullin mota.

"Ƙannena," ya ce, "kun yi abin a yaba. Amma wannan yawon naku a rana ba talla ba ce, wahala ce. Ku ba ni wasan nan in kai shi inda ƙafarku ba za ta kai ba. Kano, Sakkwato, Yamai, har 'yan uwanmu na ƙasashen waje. Ku ku zauna ku yi ta ƙirƙira, ni in yi kasuwa."

Ranar azumi na goma sha shida ne, ƙafata duk ta yi bororo. Ya kai mu ofishinsa, sanyin na'ura ya ratsa ni har na ji kamar in yi kuka. Ya kawo takarda shafi uku. Rifkatu ta karanta, ta tsaya a wani layi da ya ce yana da ikon yin gyare-gyare don dacewa da kasuwa. Ya yi dariya ya ce ai launi ne da hoton talla, ba wani abu ba. Muka sa hannu. Muka ba shi komai, har asalin rubutun wasan da muryar Baba.

Bayan kwana huɗu ya fitar da sabon. Muka gwada, ga shi kamar namu, har ya fi sheƙi. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, mu da bakinmu muka bi tasha-tasha da lema-lema muna cewa a goge tsohon a sa sabon. Mutane suka yarda saboda mu ne muka faɗa.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu ya kunna abin da ya ɓoye.

Ina shiga tasha da safe Malam Tanimu ya taso mini, fuskarsa a murtuke. Ba gaisuwa. "Hajiya, me muka yi muku? Jiya ina zaune da iyalina ana jiran shan ruwa, na ba matata ta gwada. Sai ga muryar mahaifinki yana cewa a sake gwadawa, sai ga tallar caca ta fito, da wata mace da ba ta da suturar kirki tana watsa kuɗi. A watan azumi! Ki duba da idonki."

Na duba. Haka ne. Da zarar yadi ya lalace, Baba zai ce, "Ba komai, a sake gwadawa," sai tallar caca ta rufe fuskar waya, ba ta kuma gushewa sai ka kalle ta har ƙarshe. Duk wanda ya ji zai rantse dattijon ne ke kiran mutane su sake zuba kuɗi. Kuma faɗuwar ta yawaita. Mutanen da suka saba kai inji huɗu yanzu suna faɗuwa kamar sababbin shiga.

Kafin yamma magana ta kai masallacin unguwarmu. Wani ya tare Baba bayan la'asar ya ce, "Malam Shu'aibu, da girmanka?" Maman Joy ta aiko a gaya mana ta goge, don a cocinsu ma an yi zancen. Na dawo gida ina shirin faɗan Baba. Da ma faɗan ya yi. Na tarar da shi a dakali shi kaɗai, waya a cinyarsa, yana jujjuya hannayensa yana kallo.

"Bilkisu," ya ce, "maganar mutane ba ta dame ni ba, Allah ya san ban yi ba. Amma yau sau bakwai ina kai inji na huɗu, jan zaren nan yana kuɓuce mini. Ina jin sa, ina ganin sa, in kai hannu, ya tsinke. Hannun ya tafi ke nan." Ya miƙo mini wayar. "Ki ajiye. Tsufa ba ya shawara."

Ranar bai ci ƙosai ba. Kunu kawai ya kurɓa ya shige ɗaka.

Rifkatu ta yi yini biyu tana kwance sabon wasan kamar mai farke ɗinki. A rana ta biyu ta kira ni ta nuna mini layi uku a fuskar laftop. "Kin ga nan? In mutum ya daɗe bai faɗi ba, sai a turo masa jan zare wanda ba ya ƙulluwa. Ko ka taɓa shi daidai, an rubuta kada ya amsa. Dole ka faɗi, dole ka kalli talla."

Muka tafi Barnawa da rana tsaka. Faruk bai ko musa ba. Ya jingina da kujera yana murmushi kamar malami da ɗalibai marasa ganewa.

"Ku kun iya wasa, ba ku iya kasuwa ba. Wanda ya ji daɗi ya gamsu, ajiye waya yake yi ya tafi harkarsa. Wanda aka ba haushi shi ke zama ya sake. Haushi ake sayarwa, ƙannena. Haka duniya ke yi."

"Da muryar ubana?" na ce. "A kan caca?"

"Muryar tana cikin kayan da kuka ba ni. Ku duba takarda."

Rifkatu ta ce, "Injiniya, mutanen nan da ka mayar wawaye, mun san sunayensu. Mun san matansu."

"To ai matsalarku ke nan," ya ce. "Ni lambobi nake gani."

Ina azumi, shi ya sa ban faɗi abin da ya zo bakina ba. Amma na faɗe shi a zuci, kuma ban tuba ba.

Muna fitowa hadari ya haɗu, wannan karon bai wuce ba. Iska ta fara kwasar ledoji, sai ƙamshin ƙasa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara suna ihu, mata na jera bahuna a ƙarƙashin indararo. Wata biyu muna roƙon ruwan nan, ga shi ya zo ni kuwa ko sanyinsa ban ji ba. Muka isa ɗakinmu muka tarar kwanon na yoyo ta wuri biyar, zanena na takarda sun jiƙe, launi ya bi ƙasa. Rifkatu ta cusa laftop a cikin rigarta ta zauna a kan bulo.

"Muna da tsohon," ta ce. "Takardarsa ba ta hana mu ba wa mutane kyauta ba."

Sauran kwanakin azumin nan a tafe muka yi su, cikin taɓo. Laftop a leda, leda a jaka, lema ɗaya mu biyu. Muka koma wa kowane mai turi, muka koma kowace tasha, muna karɓar wayoyi ɗaya bayan ɗaya muna goge nasa muna mayar da namu. Kowane mutum sai mun ba shi haƙuri, kan laifin da wani ya yi yana zaune a sanyi. Wasu suka karɓa. Wasu suka ce sun gode, su da wasan Hausa har abada. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ci mini rai: ba namu kaɗai ya kashe ba, har na waɗanda za su zo bayanmu. Mutanen Kano da Yamai kuwa da ya kai wa, ba mu da ƙafar da za ta kai mu gare su. Can Babana ya ci gaba da kiran mutane caca har ranar da abin ya mutu don kansa.

Baba kuwa ya ƙi taɓa waya. Na sa masa tsohon, ya ce a'a. Rifkatu ta zo ta durƙusa ta yi masa bayanin layi ukun nan dalla-dalla. Ya saurara har ta gama, ya yi murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kuna so ku faranta wa tsoho rai ne. Na gode." Ya ɗauka lallashi ne. Yamma ta yi abokansa su zo, ya ce a ce yana hutawa.

Ana jibi sallah ya fito da la'asar cikin rigarsa ta Juma'a. "Ku kai ni wurin yaron nan. Ku zo da waya mai irin nasa wasan."

Malam Tanimu ne ya ɗauke mu, ya ce ba zai karɓi komai ba. Ana yayyafi. Muka hau bene muka tarar da Faruk da wani baƙo mai babbar riga, yana nuna masa wasanmu a babban allo yana cewa shi ya gina shi tun daga tushe. Da ya gan mu fuskarsa ta canja, amma ya miƙe ya ce, "Baba, sannu da zuwa, da ka aiko ai da na zo."

Baba ya zauna ba a ba shi izini ba. Ya ajiye wayar a kan tebur. "Ɗana, an ce kai ka gyara wasan nan. Ni tsohon masaƙi ne, akwai zaren da ya gagare ni. Na kai maka inji na huɗu. Ƙulla mini jan nan in gani."

"Baba, ai ni ba na samun lokacin wasa..."

"Minti biyu ne. Mai keke ma yana samu."

Baƙon ya gyara zama. "Gwada mana, Injiniya. Ni ma ina son in gani."

Faruk ya ɗauka. Wayar ta fara caka-cak, caka-cak. Jan zare ya fito, ya danna, ya tsinke. Muryar Babana ta fito daga wayar ta ce ba komai, a sake gwadawa, sai ga matar caca tana watsa kuɗi. Baƙon ya kawar da kai ya yi a'uziyya. Baba ya ce, "Sake." Ya sake. Ya tsinke. "Sake." Karo na uku Faruk yana danna zaren da ƙarfi har farcensa na ƙara a gilashi, gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin ɗakin.

"Shekarunka nawa?" in ji Baba.

"Talatin."

"Idonka lafiya?"

"Lafiya."

"Hannunka ba ya rawa?"

Faruk ya ajiye wayar a kan tebur.

Baba ya ɗauki wayar ya miƙa wa Rifkatu, ya dafa tebur ya tashi. "To alhamdu lillahi," ya ce. Ya dubi baƙon ya ce, "Alhaji, a sha ruwa lafiya." Bai ƙara ko kallon Faruk ba.

Faruk bai ba mu haƙuri ba, ranar ko bayanta. Wasan bai dawo hannunmu ba. Har yau yana gari, yana hawa mumbari a tarukan matasa yana koyar da yadda ake tallata fasaha, ana tafa masa. In na gan shi a hanya ba na gaishe shi, kuma duk mai yi mini wa'azin yafiya sai in ce ya fara zuwa ya gaya wa wanda ya yi laifin ya nema.

Muka shiga keke muka kama hanyar gida. Ruwa na buga tamfol, Malam Tanimu na kauce wa ramuka. Mun wuce kwanar Kakuri sai Baba ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. "Bilkisu, kawo tawa."

Ya sa tabarau, ya kara wayar kusa da kunne tukuna, sannan ya sauke ta. Inji ɗaya, biyu, uku. Malam Tanimu ya rage gudu har masu tafiya a ƙasa na wuce mu. Muka isa ƙofar gida daidai ana kiran magariba, Baba na kan inji na huɗu, manyan yatsunsa biyu na tafiya kamar ba nasa ba. Inna ta fito da kofin ruwa da dabino. "Malam, an kira salla. Sauko ka sha ruwa."

"Hannuna ba sarari," ya ce.

Ta tsaya tana kallon sa. Sannan ta cire ƙwallon dabinon, ta sunkuya cikin keken, ta sa masa a baki.